Nauyin Kujera

Kowace safiya, da zarar jirgin ƙasa na farko ya ratsa Agege ya wuce, Raihana takan auna mahaifinta.

Likita ne ya sa ta. Tun faɗuwar da Alhaji Shamsuddeen ya yi bara zuciyarsa ta yi rauni, ruwa yana taruwa masa a jiki. Likitan ya ce duk ranar da nauyinsa ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu, kada a jira kowa, a kai shi asibiti. Tsohon ba ya iya tsayuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Sai dai ita da Gwaggo Zuliha, ƙanwarsa, su ɗora kujerar katako a kan sikeli, su kama shi su zaunar, Raihana ta tura ƙarfen awo har sandar ta daidaita, sannan ta cire nauyin kujera. Kilo shida da rabi. Tun ranar farko ta auna kujerar, ta rubuta da alli a bangon tsakar gida.

Sikelin na buhunan albasa ne. Shekara talatin da ɗaya Alhaji ya yi yana gyaran sikeli a kasuwar Mile 12, wannan ne kaɗai ya kawo gida da ya bar aiki.

"Dakta ta fito duba marasa lafiya," in ji Gwaggo kullum. "Daktan da ba allura ba magani. Oya, kama masa wancan hannun."

Raihana takan kama hannun. Gaskiya Gwaggo ta faɗa. Shekara tara ta yi a Japan, ta dawo da digirin dakta a kimiyyar lissafin halitta, kuma ko zazzaɓi ba ta iya warkarwa. Sau ɗaya ta taɓa zama ta yi wa Gwaggo bayanin aikinta, suna tsinke alayyafo.

Ta ce mata abin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa an san shi, an auna shi tsakanin duniya da wata, an auna shi tsakanin dutse da dutse. Amma ba wanda ya san yadda yake a tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubu hamsin. Wasu masana suna zaton akwai wani ja na dabam, ɗan'uwan wancan, wanda ba ya tashi sai abu biyu sun kusa taɓa juna. Shi suke nema. Akwai wata ƙwaya a cikin zarra, ana ce mata nutiron, lantarki ba ya janta ba ya tura ta, don haka tana iya matsawa kusa da komai. Sai su cika wani ɗan gwangwanin ƙarfe da iskar zenon, iska mai nauyi, su harbo nutiron ta tagar gaba ta fita ta tagar baya, su ƙirga nawa ne suka karkace da yadda suka karkace. Tagogin ma suna karkatar da wasu. Saboda haka dole a auna gwangwanin fanko, babu iska, a cire nasa. Abin da ya rage shi ne na iskar. In ya ɗara abin da lissafi ya ce, to wani abu ne ke jan su.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Wato shekara tara kina harbin gwangwani."

"Eh, Gwaggo."

"Allah ya sa a dace."

Daga ranar ba ta sake gwadawa ba. A can babu wanda za ta yi Hausa da shi, a nan babu wanda za ta yi zancen nutiron da shi. Ƙawayenta na makaranta sun watsu, wasu suna Idi-Araba, wasu Kano. Waɗanda suka rage a unguwa in sun haɗu da ita a bakin masallaci sukan ce, "Japan, yaushe za a koma?" su wuce kafin ta amsa. Tsakanin awon safe da maganin rana takan hau ɗakin sama, ta buɗe kwamfuta, ta yi aiki har a ɗauke wuta.

Aikin kuwa ya kai wani wuri. Wata goma sha huɗu tana tace ƙididdigar da suka tara, kuma duk yadda ta juya ta, akwai 'yar rara. Nutiron ɗin da suka ɗan karkace kaɗan sun fi yawan da ya kamata. Ba wata babbar rara ba ce, amma ta ƙi ɓacewa. Farfesa Tanabe, shugaban ƙungiyarsu, ya rubuto mata cewa ranar Alhamis za su zauna su shida. In kowa ya yarda da rarar, za su nemi a sake ba su lokaci a cibiyar binciken da ke Japan, wata uku, ita za ta jagoranci awon. In ba a yarda ba, an gama da wannan gwaji, kowa ya kama wani aiki.

Ta riga ta yi magana da Gwaggo kan wata ukun. Gwaggo ta ce 'yarta Surayya za ta zo daga Ibadan ta riƙe gidan. Raihana har ta ciro rigar sanyinta daga ƙasan akwati ta shanya a rana.

Ranar Talata da safe suka zaunar da Alhaji, ta tura ƙarfen awo inda ya tsaya jiya. Sandar ba ta sauko ba. Ta ƙara turawa, ta ƙara. Da sandar ta daidaita, ta cire shida da rabi a zuci, ta sake cirewa. Kilo biyu da ɗigo biyu ya ƙaru a kwana ɗaya.

Ta durƙusa ta danna ƙafarsa da yatsa. Babu kumburi. Ta kasa kunne ga numfashinsa.

"Gwaggo, ɗauko mayafinki. Asibiti za mu."

"Yanzu? Ko koko bai sha ba."

"Yanzu."

Gwaggo ta shiga ɗaki tana salati. Raihana ta ɗauki waya tana neman lambar mai motar da ke kai su. Sai ta ji ƙwanƙwasa. Alhaji ne ke buga hannun kujera da hannunsa na hagu.

"Baba, yi haƙuri, ba za mu daɗe ba."

Ya girgiza kai. Magana tana yi masa wuya, sai ya tattara ta kafin ta fito, kuma bakin yana karkatar da ita.

"Kujera," ya ce.

"Na cire ta, Baba. Shida da rabi."

Ya sake buga hannun kujerar. "Ta yau."

Gwaggo ta fito da mayafi a kafaɗa, ta tsaya.

"Au. Jiya da kika tafi Ikeja sayen magani, ai na kira Bonat mai walda ya duba ta. Rawa take yi, ina tsoron ta kayar mana da shi. Ya sa mata ƙarfe ta ƙasa."

Suka sauke tsohon suka kwantar a tabarma. Raihana ta ɗaga zanen da aka lulluɓe kujerar da shi. Ga sandunan ƙarfe huɗu a gicciye tsakanin ƙafafun, har da sabon fenti. Ta ɗora kujerar ita kaɗai a sikeli. Takwas da ɗigo bakwai.

"Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ni na san ana auna kujera? Na ɗauka kujera kujera ce, abi?"

Alhaji yana kallon sama. Ya tattara magana ya ce, "A kasuwa, buhun da ya kwana a ruwa ba ma ba shi nauyin jiya. Kullum ki auna."

Gwaggo ta cire mayafi ta nufi kicin tana mita, wai an tsinka mata zuciya a banza tun da sassafe. Raihana ta je bango ta goge shida da rabi da tafin hannu. Ta ɗaga alli za ta rubuta sabon, sai hannun ya tsaya. Gwangwanin ne ya faɗo mata a rai. Sannan ta ajiye allin ta hau sama.

Littattafan aikinta na Japan suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, guda goma sha ɗaya. A cibiyar da ta yi aiki akwai doka: duk wanda ya taɓa wani abu a jikin na'urar, ko noti ɗaya ne, sai ya rubuta a babban littafin da ke kan tebur, da Turanci, da rana da sa'a da sa hannu. Ita tana bin dokar, amma da nata tsarin. Takan fara rubutawa a ɗan littafinta da Hausa, da yamma ta kwafe a babban. Ta soma hakan ne a shekararta ta biyu, ranar da ta tsaya a kanti tana neman sunan citta a kanta ta rasa. Littafin nan shi kaɗai take yi wa Hausa, in ban da wayar gida ta ranar Juma'a.

Ta buɗe na ƙarshe, shafi na ƙarshe da ke da rubutu.

"Uku da kwata. Tagar gaba tana yoyo. Na kwance ta, na juya ta, na sake ɗaure noti takwas. A sake awon fanko kafin a cika. In kwafe a babban littafi."

Ƙasan shafin fari ne. Ta tuna abin da ya biyo baya. Sifanar ɗaure noti tana hannunta wayar Gwaggo ta shigo, cewa an tsinci Alhaji a ƙofar banɗaki bayan asuba, ba ya magana. Ta ajiye sifanar a kan tebur ta fita. Bayan kwana biyu tana jirgi. Abokan aikinta suka cika gwangwanin da iska suka ci gaba, kwana goma sha ɗaya. Awon fankon da ta yi wata goma sha huɗu tana cirewa, na tagar da ba a juya ba ne.

Ta rufe littafin ta zauna a bakin gado. A ƙasa wata mai tallan burodi tana kira, masu motar danfo suna ta ihun Oshodi a bakin titi.

Ba wanda ya sani. Babban littafin bai ce komai ba. An daɗe da kwance gwangwanin, ba wanda zai gane an taɓa juya taga. Ko da an ajiye wannan ɗan littafin a tsakiyar teburinsu, babu mutum ɗaya a ginin nan da zai iya karanta shi. Kuma mai yiwuwa juyin bai canza komai ba. Ta kama wannan tunanin ta riƙe. In aka ba su wata ukun, ai za ta sake awon komai da hannunta, gaskiya ta fito a can, a hankali, ba tare da an ce laifin wane ba. Ta mayar da littafin kwali, ta sauka ta ba Alhaji magani.

Ranar Laraba ta auna kujera kafin ta auna shi. Bayan azahar ta fita ba tare da ta san inda za ta ba. Ta bi gefen dogo, ta wuce masu sayar da gwanjo, ta kai har gadar Pen Cinema, ta juyo. A kan hanyarta ta dawowa Bonat ya ɗaga gilashin waldarsa ya gaishe ta.

"Dakta, yaya kujeran Baba? Ya daina rawa?"

"Ta daina. Amma ka ƙara mata kilo biyu."

"Ai ƙarfe mai kyau na sa. Ba na wasa da aikin tsoho." Ya yi dariya. "Mama ta ce za ki koma Japan. Ki kawo mini injin walda, nasu ba ya mutuwa."

"In na je," ta ce.

Da ta shiga gida ba ta tsaya a tsakar gida ba. Ta buɗe kwamfuta ta shiga bin fayilolin kwanakin nan goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ta tsallake a da saboda gajarta. A rana ta ƙarshe, bayan an zuƙe iskar, wani ya bar na'urar tana ƙirga na minti arba'in don ya duba lafiyar ma'aunin. Gwangwanin yana wurin, fanko, da tagar da ta juya. Minti arba'in ba komai ba ne kusa da kwana biyun da suka yi wa tsohon awon. Amma ya isa a ga siffar abin.

Tana cikin lissafi aka ɗauke wuta. Ta sauka ta tayar da ɗan janareto, ta hau ta ci gaba. Gwaggo ta ɗaga murya daga ƙasa cewa man na firjin magani ne, ba na wasan kwamfuta ba. Raihana ta ce ta ji.

Zanen lissafin ya fito kafin la'asar. Gwangwanin fanko, ba iska ko kaɗan a ciki, yana da ɗan tudu daidai wurin da rararta take, kuma kusan daidai girmanta. Ta cire sabon awon daga na iskar. Abin da ya rage ya kwanta a kan layin lissafi. Ta sake yi ta wata hanya, ta sake yi ta hanya ta uku. Sannan ta kashe janareton, ta yi alwala.

Ranar Alhamis ƙarfe tara na safe, yamma ke nan a wurinsu, fuskoki biyar suka bayyana a kwamfutar. Da Turanci ake magana. Farfesa Tanabe ya tambayi lafiyar mahaifinta, ta ce da sauƙi. Ya ce ya rubuta takardar neman lokaci, saura kowa ya ce ya amince. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga kofin shayi yana murmushi.

Raihana ta ce, "Kafin nan akwai abin da zan nuna."

Ta ɗaga ɗan littafin ta kusantar da shafin ga kyamara. Suka matso suna ƙyafta ido.

"Wane harshe ne wannan?" in ji Tanabe.

"Hausa."

Ta fassara musu layi bayan layi. Jirgin ƙasa ya yi kuka a bayan gida, ta dakata har ya wuce, ta ƙarasa. Sannan ta ɗora musu zanen minti arba'in ɗin, da abin da ya rage bayan an cire shi.

Suka ƙura wa zanen ido.

"Wannan ba ya cikin babban littafi," in ji Tanabe.

"Ba ya ciki. Ban kwafe ba."

"Ranar nan ce kika samu labarin gida."

"Ranar ce. Amma na yi wata goma sha huɗu ban buɗe littafin ba."

Wanda ya ɗaga kofi ya ce minti arba'in ya yi kaɗan a yanke hukunci, me zai hana a nemi lokacin a sake komai. Tanabe ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ba za a ba kowa wata uku ba don ya bi sawun abin da gwangwani fanko ma yana yi. Za su rubuta abin da ke hannunsu: ba su ga sabon ja ba, kuma in yana nan, to bai kai ƙarfin kaza ba a tazara kaza. Wannan ma sakamako ne. Ya ce ta aiko da hoton shafin da fassararsa a liƙa a babban littafi, a ranar da ya dace.

"Na gode da kika nuna," ya ce. Ya ɗan sunkuyar da kai, kamar yadda yake yi wa kowa.

Fuskokin suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Taron bai kai minti ashirin da biyar ba. Ta ɗauki hoton shafin ta aika. Ta ninke rigar sanyin da ke rataye a bayan ƙofa ta mayar ƙasan akwati.

A tsakar gida Gwaggo tana gyaran wake a tire, Alhaji yana kishingiɗe a inuwa.

"An gama da oga? Yaushe tafiyar, in faɗa wa Surayya?"

"Babu tafiya, Gwaggo."

"Abin da kuka gano fa?"

"Ba shi ba ne. Gwangwanin ne."

Gwaggo ta ajiye tiren a cinya. "Shekara tara. To yanzu me aka samu?"

"Mun san inda ba ya nan."

"Ni ma na san inda ɗankunnena na aure ba ya nan, ba a ce mini dakta ba." Ta dube ta. "Pele, sannu. Zo ki ci abinci, tun safe ba ki sa komai a ciki ba."

Alhaji ya ƙwanƙwasa ƙasa da yatsa. Raihana ta matsa kusa ta durƙusa.

"Wa ya yi kuskuren?"

"Ni, Baba."

"Wa ya kama?"

"Ni."

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa."

Ya dube ta da idon da ke buɗewa sosai. Ta jira ko zai ƙara wani abu. Ya ce a ba shi ruwa, kuma kada a sa ƙanƙara.

Da rana ta hau sama ta buɗe kwamfuta bisa sabo. Babu saƙo. Ta soma rubuta sakin layi na farko na takardar, wanda ke cewa ba a ga komai ba, har aka ɗauke wuta.

Washegari jirgin farko ya wuce. Ta jawo kujerar ita kaɗai ta ɗora a sikeli, ta tura ƙarfe har sanda ta daidaita. Takwas da ɗigo bakwai. Ta rubuta a bango, ta sa kwanan wata a gefe. Sannan ta kira Gwaggo su kamo shi.